Juma'a Zuwa Lahadi

Ranar Juma'a, in la'asar ta yi sanyi,
nakan lulluɓe keken ɗinki da tsohon zane,
in kai almakashi da allurai saman kabad,
in kashe rediyo,
don Sumaila ba ya shiri da murya biyu a ɗaki ɗaya.

Sai in jiyo takun Memunatu a lungu.
Na san shi, takun wadda ta kwana biyar
tana barci da ido ɗaya.
A jakarta riga biyu, magani a ƙullin leda,
da shuɗin cokalin roba
wanda in babu shi, ko kokon Aboabo duka aka dama,
ba zai kurɓa ba.

Ba ya gaishe ni.
Shekararsa bakwai, kalmominsa ba su cika goma ba.
Yakan wuce ni kamar ƙyaure,
ya jawo gwangwanin maɓallai daga ƙarƙashin tebur,
ya zazzage, ya fara jeri
tun daga bakin ƙofa har gindin randa:
farare, sannan baƙaƙe,
sannan jan nan guda da ba shi da ɗan'uwa.

Uwar takan tsaya riƙe da labule,
ƙafa ɗaya ta tafi, ɗaya ta ƙi.
In ce, "Je ki, 'yar nan.
Ba gudu kika yi ba, barci za ki yi."

Bara ne Madam Serwa ta ofishin jin daɗin jama'a
ta zo da takardu,
ta leƙa makewayi, ta ƙirga tagogi,
tana tambaya da Tonanci ina amsawa da Hausa.
Ta ce kwana biyu a mako. Na dangwala yatsa.
Ban san abin da na dangwala wa ba
sai daren farko,
da aka ɗauke wuta, ruwa ya kece a kan kwano,
yaron ya toshe kunnuwa yana kai wa bango goshi.
Na sa tafin hannuna tsakaninsa da siminti
har aka kira assalatu.
Kwana uku hannun nan bai zira zare a allura ba.

Maƙwabta ba su rasa ta cewa ba.
Inna Lariba mai ƙosan bakin masallaci ta ce
riƙon kwana biyu ai aro ne,
kayan aro kuwa ba ya rufe katara.
Na ce ban ɗauko shi don katara ba.
Akwai mace a Sawaba
da ke kasa albasa a Kejetiya tun duku-duku,
miji ya bi hanyar Libiya, shekara huɗu ba labari.
Idonta nake so ya rufu.

Nawa sun girma. Ɗaya na Tema, ɗaya na Jamus,
sai muryoyi a waya ranar Sallah.

Asabar muna cin tuwon zafi,
miya a kwanonta daban, kada ta taɓa tuwon.
Da yamma nakan cire allura daga keke,
in bar shi ya juya ƙafar da hannu.
Wata rana, keken na gudu ba ya ɗinka komai,
ya yi dariya.
Sau ɗaya tak.
Na juya baya, wai ina neman tsintsiya.

Lahadi da magariba Memunatu kan dawo
da kwalli a ido, fuskarta ta koma mazauninta.
Yana ganinta ya miƙe, ya kama gefen mayafinta,
bai taɓa waiwayo na ba.
Haka ya dace. Nakan faɗa wa kaina haka ya dace.
Sai dai a dunƙulen hannunsa akwai jan maɓallin,
shi ke kai shi Sawaba,
shi ke dawo da shi ranar Juma'a,
ya ajiye a gurbinsa, can gindin randa.

Litinin zuwa Alhamis
a gefen jerin nake shara, ina tsallakewa.
Shekaranjiya Malam Iddi ya kawo farar rigarsa,
maɓalli ɗaya ya tsinke, gobe ɗaurin aure.
Ya dubi ƙasa, ya dube ni.
Na ce masa farare sun ƙare.